Kwana 19 Babu Mma a Gida

Ranar wata Talata da daddare, mun gama cin tuwo ke nan, aka bugo waya daga Salaga cewa yayar uwar mijina ta rasu. Kafin kiran sallar asuba Mma ta gama ɗaure kayanta. Baban yara ya kai ta tasha ta shiga motar Yeji, inda za ta jira jirgin fito ya ƙetare da su tafkin Volta zuwa Makango, daga can ta ƙarasa Salaga.

A bakin ƙofar gida ta tsaya ta dube ni. "Amarya, ya za ki yi da yaran nan?" Shekara 12 ke nan da aurena, amma har yau Amarya take ce mini. Na ce, "Mma, ki tafi abinki, ba komai. Za mu iya." Har ga Allah na yarda da maganar da na faɗa. A ganina ni ce ke tafiyar da gidan nan. Ni ke karɓar albashi, ni ke zuwa kasuwa, ni ke duba aikin makarantar yara. Mma dai tana zaune ne da jikanta a goye, tana sayar da gyaɗa da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida. In za a faɗi gaskiya ma, akwai ranakun da nake ƙorafi a raina a kanta, don tana cika wa yaro sikari a koko, kuma ko na yi magana ba ta fasawa.

Ta ce za ta dawo bayan addu'ar bakwai. Sai da ta yi kwana 19. Abin da na gani a kwanakin nan shi nake so in ba da labarinsa, musamman ga iyaye irina masu fita aiki da safe su dawo da yamma, ko a nan Kumasi, ko a Nima da Mamobi a Ankara, ko a Tamale, waɗanda in an tambaye mu ya gida sai mu ce Alhamdulillah mu wuce.

Lissafin safiya

Gidanmu a Aboabo yake, irin gidan hayar nan mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, iyali takwas. Mu muna da ɗaki da falo, Mma tana da nata ɗakin a gefe. Baban yara makanike ne a Suame Magazine, yana fita bayan asuba, ba ya dawowa sai an yi magariba. Ni kuma ina koyar da aji 5 a wata makarantar gwamnati, sai na shiga trotro biyu kafin in isa. Yaranmu uku ne. Babbar shekararta 11, tana aji 6. Mai bi mata namiji ne ɗan shekara 7. Sai auta mai wata 14.

A daren farko na ɗauki takarda kamar zan shirya darasi, na ce bari in rubuta ayyukan gobe don kada a manta da wani. Tarar ruwa, ɗora ruwan wanka, wankan ƙananan biyu, sayo koko da ƙosai, dama abincin auta, gugar kayan makaranta, sharar tsakar gida don makonmu ne, zubar da shara, kuɗin tara na yara, kayan miya, gawayi in gas ya ƙare, raka yaro makarantar allo da yamma, ɗauko shi bayan magariba. Da na ƙirga sai na ga abu 23. Goma sha huɗu daga ciki dole a gama su kafin ƙarfe 6:30 na safe.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, kusan rabin abubuwan nan ban taɓa yin su da hannuna ba tun da aka haifi auta. Ɗauki ruwa kawai. Famfonmu wani lokaci sai tsakar dare yake kawowa. Ni dai da safe nakan tarar da duro a cike in ɗiba. Ashe Mma ce ke jin ƙarar famfon da ƙarfe 2 ko 3 na dare, ta fito ta jera galan-galan masu ruwan ɗorawa, waɗanda muke ce wa galan ɗin Kufuor, ta tsaya har su cika. A dare na biyu da tafiyarta duk mun yi barci. Da safe babu ko na alwala, sai da muka saya a wani gida mai rijiyar burtsatse.

Sai maganar koko. Kullum nakan ajiye sidi 10 a kan firji don karin kumallon yara. Ranar da na je sayowa da kaina, na miƙa wa Hajiya mai koko kuɗin na ce ta zuba kamar yadda ta saba. Ta dube ni ta ce, "Madam, wannan ai ba ya kai wa. Tsohuwa ce ke cikowa. Duk Juma'a take zuwa mu yi lissafi." Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun lokacin da kaya suka yi tsadar nan. Kowa ya tuna ƙarshen 2022, lokacin da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba. Ni na ƙara kuɗin mota da na shinkafa a lissafina, amma kuɗin koko ya tsaya inda yake a kan firji. Ribar ƙuli-ƙulin Mma ce ke toshe ramin. Ita da har yanzu take lissafi da tsohon kuɗi na kafin 2007, tana ce wa sidi 5 dubu hamsin, ba ta taɓa zuwa ta ce mini kuɗin nan bai isa ba.

A makon farko sau uku ina sa hannu a ƙasan jan layi. Malamai sun san abin da nake nufi. In lokaci ya cika, shugabar makaranta takan ja layi da jan biro a littafin zuwa aiki, duk wanda sunansa ya zo a ƙasa ya makara ke nan. A shekara 9 da na yi ina koyarwa, ban taɓa yin uku a mako ɗaya ba.

Daga wata 3 zuwa shekara 4

Babbar tambayar ita ce wa zai riƙe auta. A nan ne mace mai aiki take gane inda doka ta tsaya. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba mai haihuwa hutun aƙalla mako 12 da cikakken albashi, ta kuma ba mai shayarwa awa ɗaya a lokacin aiki don ta ba yaro nono. Makarantar gwamnati kuwa tana karɓar yaro a ajin KG ne in ya kai shekara 4. To tsakanin wata 3 da shekara 4 fa? Akwai gidajen renon yara na kuɗi, amma mai albashin malamin firamare, ga haya da masu gida ke nema ta shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da dokar haya ta 1963 ta ce kada a wuce wata 6, ba kowa ne zai iya ba. Awar shayarwa ma, in tsakaninki da gida trotro biyu ne, a hanya za ta ƙare.

Waɗannan shekaru kusan huɗu kakanni ne ke cike su a Zango, da goggonni, da maƙwabta, da 'yan matan da aka ɗauko riƙo daga ƙauye. Ba a rubuta aikinsu a ko'ina, ba su da albashi, ba su da hutu. Binciken da hukumar ƙididdiga ta yi a 2009 kan yadda 'yan Ghana ke kashe lokacinsu ya nuna cewa lokacin da mata ke ba aikin gida da reno, wanda ba a biya, ya ninka na maza. Mu da ke cikin gidajen ba ma buƙatar bincike kafin mu yarda.

Mu Musulmi kuma akwai ƙari. Ƙidayar 2021 ta ce mu ne kashi 19.9 cikin 100 na mutanen ƙasa, wato kamar mutum ɗaya cikin biyar. Tsarin mako ba a kanmu aka yanka shi ba. Juma'a ranar aiki ce. Asabar da Lahadi da wasu ke hutawa, mu lokacin makarantar Islamiyya ne. Yaro ɗaya, makaranta biyu, kayan sawa biyu, kuɗi biyu, rakiya biyu. Ba ƙorafi nake yi ba, don mu muka zaɓa kuma ba za mu bari ba. Amma wannan rakiya ta biyu ma, a gidanmu, a wuyan Mma take.

Kwana biyun farko na tafi da auta makaranta. Na shimfiɗa masa zani a bayan teburina. In ya fara kuka, matar da ke sayar da waakye a bakin ƙofar makaranta sai ta karɓe shi ta goya, tana zuba wa yara abinci. A rana ta uku na san wannan ba zai ɗore ba.

Wadda ta cece ni maƙwabciyarmu ce, Maame, Ba'asantiya Kirista da ke dafa dokunu a bayan gida. Shekara shida muna gida ɗaya, tsakaninmu gaisuwa ce da ɗan naman layya. Ita ta same ni ina wanki da dare ta ce, da Hausarta ta Zango, "Madam, kawo yaro. Amma ƙarfe 12 ina fita talla." Sai na roƙi wata amarya a gidan ta karɓe shi daga 12 har in dawo. Ta ce to. Na ɗauka an gama.

Ranar awo

Laraba ta biyu ita ce ranar kai auta awo da rigakafi. Mma ce ke kai shi kullum, ni sai dai in duba littafin da yamma in ga kilo nawa ya ƙara. Na nemi izini a makaranta, abokin aikina mai aji 4 ya ce zai haɗa yarana da nasa har in zo. Yara sun haura 80 ke nan a hannun mutum ɗaya.

A wurin awo na tarar da layi tun ƙarfe 7. Yawancin masu riƙe da jarirai tsofaffi ne, sai 'yan mata ƙanana. Biyu daga cikin tsofaffin suka gane yaron kafin su gane ni. "Wannan ba jikan Hajiya ba ne? Ina take?" Ma'aikaciyar jinya ta taɓa shi ta ce jikinsa da ɗan zafi, in kai shi a duba. Da na miƙa katin inshorar lafiya aka ce wa'adinsa ya ƙare. Laifina ne, ba na kowa ba. Katin NHIS duk shekara ake sabunta shi, kuma tun 2018 ana iya yi ta waya, a danna *929# a biya da momo. Sai dai wayata babu ko pesewa a cikinta, don da asuba na sayi wuta a mita da abin da ya rage. Na kira baban yara, yana ƙarƙashin mota bai ɗauka ba. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta kwance bakin zaninta ta ba ni kuɗin da zan kai wa mai momo a bakin titi. Na ce ta ba ni lambarta in mayar mata. Ta ce, "Ki ba Hajiya in ta dawo, mun saba."

Na isa makaranta ƙarfe 11 da wani abu, a pragiya, da yaro a goye da magani a jaka. Na tarar da abokin aikina muryarsa ta dushe.

Asabar ɗin makon na shiga Kejetia cefane. Na gama sayen shinkafa olonka huɗu, da manja, da doya, da kayan miya, sai wata yarinya 'yar kayayo ta matso da kwanonta, da jariri a bayanta. Sunan nan ma rabinsa namu ne, kaya na Hausa da yoo na Ga, wato mace. Ta ce, "Anti, ina tsohuwa?" Ashe ita ce ke ɗaukar wa Mma kaya duk ranar da na aike ta. Muka kama hanyar tasha, na fara ciniki kamar yadda na saba, ina neman ragin sidi 2. Ta ce, "Tsohuwa ba ta ciniki da ni. Har abinci take saya mini." Na yi shiru na biya.

Wadda ta biya kuɗin

Abin da ya fi yi mini ciwo ya zo ne daga baya. Ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Malamar babbar 'yata ce. Ta ce, "Madam, ke malama ce shi ya sa na kira ki kai tsaye. 'Yarki ta makara sau shida a mako biyu, kuma bayan tara ta biyu ba na ganinta. Jiya ta yi barci a kan tebur muna lissafi."

Da yamma na zaunar da ita. Mu Hausawa muna da kunyar ɗan fari, ba na kiran sunanta, kuma ban cika zama hira da ita ba. Na ce, "Ke, ina kike zuwa in an fita tara?" Ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta faɗa. Amaryar da na roƙa ba kullum take gida ba, wani lokaci tana wurin koyon ɗinki. Maame kuma in ba ta fita da dokunu a kan lokaci ba, ta yi asarar cinikin rana. Makarantar yarinyar tana kusa da gida, sai ta riƙa sulalewa ta zo ta karɓi ƙaninta. Da safe kuma ba ta fita sai ta wanke kwanuka ta share tsakar gida, don kada maƙwabta su yi magana a kaina.

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Ta ce, "Mama, na ga kin gaji."

A ajina akwai wata yarinya da ta fi kowa makara. Na sa ta tsintar shara a fili ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na rubuta a takardar sakamakonta cewa ba ta mai da hankali. Ban taɓa tambayarta abin da take yi kafin ta zo ba. Washegari na tambaye ta. Mahaifiyarta tana fita kasuwa ƙarfe 4 na asuba tarar motar tumatir. Ita ke yi wa ƙanne uku wanka, ta kai biyu makaranta, ta kai ɗayan wurin kaka, sannan ta taho. Shekararta 12.

Dokar yara ta 1998 ta ce ko aiki mara nauyi sai yaro ya kai shekara 13, ta kuma bayyana shi da cewa aikin da ba zai taɓa zuwan yaro makaranta ba. Babu wanda zai kai uwa ƙara don 'yarta ta wanke kwano, kuma aikin gida tarbiyya ne, dukanmu da shi muka tashi. Amma akwai iyaka. Tun 2017 sakandare kyauta ce, sai dai makarantar da za a tura yaro tana bin sakamakonsa na BECE. Yarinyar da ke rasa darasin farko da na ƙarshe tun daga aji 5, ba a ranar jarrabawa ta faɗi ba. In gida ya matse, babbar 'ya ce ke biya, kuma ba ta kawo ƙara.

Magana da baban yara

A daren nan na ajiye wa baban yara takardar nan mai abu 23. Ban yi faɗa ba, na gaji da yawa. Na ce, "Malam, duba wannan. A ciki wanne ne naka?" Ya karanta har ƙasa. Mutum ne mai fita da duhu ya dawo da duhu, hannunsa duk baƙin mai, kuma bai taɓa barin mu da yunwa ba. Ya ce, "Wallahi na ɗauka Mma zama kawai take yi." Na ce ni ma haka na ɗauka.

Ya ɗauki ruwan dare, da sayen wuta, da raka yaro makarantar allo ranar Asabar da Lahadi, da ɗauko shi bayan magariba. Ya ce zai riƙa jinkirta fita da rabin awa don ya yi wa namijin wanka. Ranar farko da aka gan shi da galan a bakin famfo, wani maƙwabci ya tsokane shi da mijin-ta-ce. Ya yi dariya ya ce ai ruwan da zai yi alwala da shi ne. Bayan kwana uku na ga mai tsokanar ma da nasa galan ɗin.

Auta kuma, Maame ta haɗa mu da wata dattijuwa a layin bayanmu mai riƙe yara uku a ɗakinta. Muka yi magana a kan kuɗi tun farko, kowane mako. A nan na fara jin nauyin abin da Mma ke yi kyauta, don yanzu yana da farashi.

Alhamdulillah da ke rufe magana

Mu mutanen Zango ba mu da rowar Alhamdulillah, kuma haka ya kamata. Wanda ya tashi lafiya, yara suka ci suka tafi makaranta, yana da aikin da zai je, ya samu abin da mutane da yawa ke nema. Amma na lura da yadda ni kaina nake amfani da kalmar. Nakan faɗe ta ne don in rufe magana. Ya gida? Alhamdulillah. Ya aiki da yara? Alhamdulillah. Daga nan babu wanda zai tambaya ta hannun wa sauƙin ya zo, ni ma ba na tambayar kaina.

Tun muna makarantar allo malamanmu ke koya mana cewa godiya ga Allah ba ta cika in an tsallake mutanen da alherin ya biyo ta hannunsu. Na san wannan da ka, har ina koya wa yara su ce na gode da medaase. Amma ga mace a gidana tana tashi ƙarfe 2 na dare saboda ni, tana zuba ribarta a kokon 'ya'yana, ni kuwa abin da na riƙe a kanta shi ne cokalin sikari.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Na yarda, amma wanda ya yi shekaru yana yi maka abu, yabo kaɗai ba zai rage masa ciwon gwiwa ba. Ga abin da muka yanke ni da baban yara, ko wani zai ga abin ɗauka. Mma tana da kuɗinta na mako, a hannunta, daban da na cefane. Ranar sabunta katin inshorarta tana rubuce a bangon ɗaki tare da na yara. Asabar tata ce, ta je suna ko aure ko ta'alim ko ta kwanta, babu mai miƙa mata yaro. Babbar 'yarmu tana fita ƙarfe 7 ko an gama aiki ko ba a gama ba, kuma namijin ma yana wanke kwano. Jikan Maame yana zuwa wurina da yamma sau biyu a mako muna karatu. A aji kuma, kafin in hukunta wanda ya makara, sai na ji abin da ya baro a gida.

Godiya kuma ba ta hana neman gyara. Ba kowace ma'aikaciya ce ke da Mma ba. A unguwanninmu akwai ɗakunan makarantun Islamiyya na yamma da ke kulle tun safe har la'asar daga Litinin zuwa Juma'a. Akwai dattijai mata da suka iya reno kuma suna buƙatar abin sayen magani. Kwamitocin masallatai, da sarakunan Zango, da magajiyoyi za su iya haɗa waɗannan biyun, a samu wurin reno mai tsabta da araha, a yi masa rajista yadda ya dace, a biya masu riƙon. Tun 2017 akwai dokar da ta kafa asusun raya Zango. In ana maganar kwalbati da fitilun titi da filin ƙwallo, a sa renon yara a cikin jerin, don shi ne ke riƙe uwa a wurin aiki da yarinya a cikin aji.

Dawowar Mma

Ta dawo ranar wata Lahadi da la'asar, da ƙurar hanya a gyalenta, da doya, da busasshen kifin Yeji a kwali. Auta ya ƙi kowa ya manne mata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Amarya, kin rame."

Bayan isha'i na shiga ɗakinta na durƙusa. Na yi mata ta'aziyya, sannan na fara lissafa mata, ruwan dare, Hajiya mai koko, layin awo, tsohuwar da ta ranta mini kuɗi. Na ce, "Mma, ban sani ba. Ki yafe mini. Na gode, Allah Ya saka da alheri." Ta ce, "Kai, Amarya, tashi. Jikokina ne fa."

Sai ta yi shiru, can ta ce in zauna. Ta ce ko na san abin da ya sa ta daɗe. Lokacin da take fataucin goro tsakanin Kumasi da arewa, wannan yayar tata da ta rasu ita ta riƙe mata yara huɗu, har da baban yarana, shekara bakwai. "Na kai mata zani, na kai mata kuɗi. Amma ban taɓa zama na ce mata Yaya na gode ba. Kullum ina cewa sai na je." Ta ce da aka yi addu'ar bakwai ta kasa tafiya, sai ta zauna tana yi wa jikokin marigayiyar wanka da abinci har ta ji zuciyarta ta ɗan sauka.

A daren nan famfo ya kawo ruwa wajen ƙarfe 3. Na ji ƙofar Mma ta buɗe, sai na ji muryar ɗanta a tsakar gida yana cewa, "Mma, koma ki kwanta, na fito." Da safe na ajiye sidi 15 a kan firji. Ina kallonta ta zuba wa auta sikari cokali biyu. Na ce, "Mma, ɗaya dai." Ta ce to, ta ƙara rabi.